Yadda Ake Zaɓar Girman Tayar Hunturu Da Ba Na Kamfani Ba, Ga Mai Ƙaramar Mota

Duk shekara da Oktoba ta raba, sai wayata ta fara ƙara. Galibi ɗalibai ne ko sababbin zuwa da suka samu 'yar mota a nan Winifeg, babban birnin lardin Manitoba a Kanada, aka ce musu sai sun saka tayar hunturu, suka je shago aka yanka musu kuɗi, ido ya raina fata. Wani kuma ce masa aka yi girman tayarsa ya ƙare, sai dai ya jira wani kaya ya iso, ga dusar ƙanƙara ta fara sauka. Amsata gare su ɗaya ce. Ba dole sai girman da motar ta fito da shi ba. Kana iya sauka mataki guda, taya ta ɗan tsuke, rim ya ɗan ragu, aljihunka ya huta, motar kuma ta fi riƙe hanya cikin dusar. Sharaɗin dai shi ne tsayin tayar baki ɗaya, daga inda ta taɓa kwalta zuwa ƙoƙonta na sama, kada ya sauya sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Na yi wannan aiki a kan Honda Fit ɗina ƙirar 2010, wadda a Turai da gida aka fi sani da Jazz, na yi a kan Corolla 2016 ta uwargida, na kuma taya mutane da dama nasu. Da motocin nan biyu zan riƙa ba da misali.

Dalilin tsuke taya a taƙaice yake. Direbobin da ke ratsa sahara daga Agadas sukan rage iska don taya ta baje ta hau kan yashi, domin ƙarƙashin yashin ma yashi ne. A titin Kanada akasin haka ake nema. Ƙarƙashin dusar akwai kwalta, ita kake so ka taɓa. Taya mai faɗi tana tura dusa a gabanta, idan kuma gishiri ya narkar da ita ta zama caɓi, sai ta hau kai tana shawagi, sitiyari ya zama kamar ba a hannunka yake ba. Siririya kuwa yankawa take ta sauka. Ga kuma ribar ƙaramin rim: gefen taya yana ƙara tsawo, shi ke shanye dukan ramukan da sanyi ke fasawa a titi. Amma a kan busasshiyar kwalta mai faɗin ta fi riƙo, kuma rabin hunturu a kan busasshiyar kwalta za ka yi shi. Shi ya sa na ce mataki guda, ba uku ba.

Kayan aiki

- Littafin motar, da sitikar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba.
- Waya mai kalkuleta, da takarda da biro. Rubuta komai, kada ka dogara da ka.
- Jak, da ƙafar ƙarfe ta tokare mota. Jak ɗin da ke cikin but zai yi idan babu wani, amma a kan shimfiɗaɗɗen siminti marar gangara, ba kan ƙanƙara ba.
- Wilsifana, da sifana mai awon ɗauri, wadda ke yin ƙas idan noti ya kai ƙa'ida. Idan ba ka da ita ka ara, ko ka biya shago su auna maka bayan ka ɗaura.
- Gejin iska, da ɗan ma'aunin zurfin zanen taya. Duka biyun ba su da tsada.
- Tef ɗin awo mai milimita, tocila, burushin ƙarfe, alli, da safar hannu. Ƙarfe a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili cizo yake yi.

Mataki na 1: Karanta abin da kake da shi

Buɗe ƙofar direba ka duba sitika. A nan kamfani ya rubuta girman taya da yawan iska. Da ita za ka yi aiki, ba da abin da ke jikin tayar da ka tarar a motar ba, domin motar hannu ba ka san abin da mai ita na baya ya ɗaura ba. Na taɓa ganin wanda ya yi lissafinsa kaf a kan girman da dama can kuskure ne.

A Fit ɗina an rubuta 185/55R16 83H. Ga ma'anarsa:

185 faɗin taya ne a milimita. 55 tsawon gefenta ne, amma ba a milimita ba, kashi 55 cikin 100 na faɗin ake nufi. R irin saƙar cikinta ce, kusan duk tayar ƙananan motoci ta yanzu haka take. 16 girman rim ne a inci. 83 lambar nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka. H kuma iyakar gudun da aka amince mata.

Mutane da yawa a lamba ta biyu suke ɓata. Suna zaton 65 ta 175 da 65 ta 205 tsawo ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, tunda kowacce daga faɗinta ake ciro ta.

Mataki na 2: Lissafa tsayin tayar

Ka ninka faɗi da lamba ta biyu, ka raba da 100, ka samu tsawon gefe ɗaya. Ka ninka shi biyu, domin akwai gefe a sama da rim akwai a ƙasa. Sannan ka mayar da incin rim zuwa milimita, wato ka ninka da 25.4, ka haɗa su.

Na Fit: 185 sau 55 a raba da 100 ya ba da 101.75. Sau biyu, 203.5. Rim 16 sau 25.4 ya ba da 406.4. Jimla milimita 609.9. Wannan lamba ka zagaye ta da biro, ita ce ma'aunin duk abin da zai biyo baya.

Na Corolla mai 205/55R16: 225.5 da 406.4, jimla 631.9.

Akwai shafukan intanet da ke yin wannan lissafi, ka yi amfani da su idan ka so, amma ka yi sau ɗaya da hannunka. Ranar da kake tsaye a garejin wani yana nuna maka tayoyi huɗu masu araha, za ka gode wa kanka.

Me ya sa ake kaffa-kaffa da tsayin? Mota ba ta san gudunta ba sai ta hanyar ƙirga juyin taya. Maleji, birkin ABS, na'urar hana zamewa, duk daga wannan ƙirga suke aiki. Idan taya ta fi ta asali tsayi, maleji zai nuna ƙasa da gudun da kake yi, ka ci tara ba ka sani ba. Idan ta gaza, cikin motar ya matso ƙasa, ka riƙa sharar dusa da shi a lungun da ba a kwashe ba. Ƙa'idar da masu taya suka saba bi ita ce kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin 100. Ni a ƙaramar mota ba na son ya wuce 2.

Mataki na 3: Jera girman da za su iya shiga

Dabarar farko, wadda ta fi kowacce sauƙi: ka binciki abin da mafi arahar samfurin motarka ya fito da shi. Kamfani kan fitar da mota ɗaya a matakai, ta masu kuɗi da babban rim, ta talaka da ƙarami. Corolla ta 2014 zuwa 2019 a Arewacin Amurka ta zo da 195/65R15 a samfurin ƙasa, 205/55R16 a na tsakiya, 215/45R17 a na sama. Ke nan injiniyoyin Toyota sun riga sun yi maka aikin. Tsayin 195/65R15 shi ne 634.5, bambancinsa da 631.9 bai kai milimita 3 ba, kashi 0.4 kacal. Shi na saka wa uwargida, kuma girma ne da kusan kowane shago ke da shi.

Idan babu irin wannan, ko shi ma ya ƙare a kasuwa, sai ka bi tsari: rage faɗi da milimita 10, ƙara lamba ta biyu da 5 ko 10, rage rim da inci ɗaya, sannan ka lissafa. Ga abin da ya fito min a Fit, a kan 609.9:

- 175/65R15: tsayi 608.5, ragin kashi 0.2. Shi ne na ƙaramin samfurin Fit na shekarun nan.
- 185/60R15: tsayi 603, ragin kashi 1.1. Faɗi bai sauya ba, ribar rim kawai ka ci.
- 185/65R15: tsayi 621.5, ƙarin kashi 1.9.
- 165/65R15: tsayi 595.5, ragin kashi 2.4.

Yadda ake fitar da kason: cire tsohon tsayi daga sabo, raba da tsohon, ninka da 100.

Na zaɓi na farko, kuma shi nake ba kowa shawara. Na uku yana jan hankalin mutane saboda ya cika kasuwa kuma yana ɗaga mota da kusan milimita 6. Amma idan maleji ya nuna 100, ka ƙara kusan 2 a kai, sannan sararin da ke tsakanin taya da madigadi ya ragu, wanda a hunturu ba ƙaramin abu ba ne. Zan dawo kansa a mataki na 6. Na huɗu kuwa ya tsallake ƙa'idar kashi 3 ta masu taya da ƙyar, amma yanzu za ka ga inda ya faɗi.

Mataki na 4: Lambar nauyi da harafin gudu

Wannan shi ne wurin da ba a sassauci. Lambar nauyin sabuwar taya dole ta yi daidai da ta sitika ko ta fi ta. Ga kaɗan daga cikin waɗanda ƙananan motoci ke amfani da su: 81 kilo 462 ne, 82 kilo 475, 83 kilo 487, 84 kilo 500, 88 kilo 560, 89 kilo 580, 91 kilo 615, 95 kilo 690.

Fit ɗina 83 take nema. 175/65R15 tana zuwa da 84, ta wuce. 165/65R15 galibi 81 ce, ta gaza, sai a soke ta komai araharta. Taya iska ce ke ɗaukar nauyinta, idan ka tsuke ta ka rage mazubin iskar. Garin neman ƙiba kada a samo rama. Mu kuma mun san halinmu, ranar zuwa sallar Juma'a ko ɗauko baƙi daga filin jirgi, mutum biyar ne a mota, but cike da akwatuna da buhun shinkafa.

Idan girman ya yi maka amma lambar ta gaza da ɗaya ko biyu, nemi mai rubutun XL a jiki. Ita an ƙarfafa ta, lambarta kan fi ta gama-gari, misali 195/65R15 ta gama-gari 91, mai XL 95.

Harafin gudu kuwa ana ɗan sassauta masa a tayar hunturu. Q kilomita 160 ne a awa, R 170, S 180, T 190, H 210. Motarka ta zo da H, tayar hunturun da ka samu T ce ko R, babu laifi matuƙar ba za ka wuce iyakarta ba. Wanda ke gudun 160 a watan Janairu a Manitoba, matsalarsa ba ta taya ba ce.

Mataki na 5: Rim

A nan aka fi yin asarar kuɗi, ni ma a nan na yi tawa. Abu biyar za ka daidaita.

Na ɗaya, ramukan noti. Ana rubuta su kamar 4x100, wato rami huɗu a kan da'ira mai faɗin milimita 100. Fit da Yaris 4x100 ne. Corollar da na ambata 5x100 ce. Civic daga 2006 kuma 5x114.3. Rami biyar da rami biyar ba lallai su zama ɗaya ba, kada ido ya yaudare ka.

Na biyu, ramin tsakiya, wanda ke zama a kan cibiyar ƙafar mota. Shekarata ta biyu a nan na ga tallan rim huɗu na baƙin ƙarfe, inci 15, 4x100, an cire daga Yaris, kuɗi kamar kyauta. Na je da daddare, na biya, na loda a but ina murna. Washegari na ɗaga mota, na saka rim, ƙusoshin huɗu suka shiga ramukansu lafiya lau, amma rim ya ƙi kwanciya. Ya tsaya a bakin cibiya yana lilo, da tazarar da ɗan yatsa zai shiga a bayansa. Na juya shi, na goge tsatsa, na ƙara turawa da gwiwa, shiru. Ashe ramin tsakiyar Yaris milimita 54.1 ne, cibiyar Fit kuma 56.1. Milimita biyu suka raba ni da kuɗina, sai da na sayar da su da faɗuwa. Da na yi gangancin matse notunan da ƙarfi don ya zauna dole, da labarin ya fi haka muni.

Ramin da ya gaza cibiya ba ya shiga, magana ta ƙare. Wanda ya fi ta faɗi yana shiga, sai dai a saka zoben cike giɓi don rim ya zauna tsakiya, in ba haka ba sitiyari na iya kakkarwa a babban titi. Mafi kwanciyar hankali dai ka samu mai rami daidai da motarka.

Na uku, faɗin rim. Kowace taya tana da iyakar rim ɗin da za ta hau. 175/65R15 tana son inci 5 zuwa 6, 195/65R15 kuma 5.5 zuwa 7. Kada ka ɗora siririyar taya a kan rim mai faɗi, gefenta zai miƙe, bakin rim ya fito fili yana jiran dakalin titi.

Na huɗu, zurfin zama, wanda ake rubutawa da ET. Juya rim ka haska tocila, za ka ga an buga wani abu kamar 15x5½J ET45. Lambar ET ke nuna ko taya za ta shige ciki ko ta turo waje. Idan ta yi yawa taya ta matsa kusa da shokazoba, idan ta yi kaɗan ta leƙo waje tana gogar madigadi, tana kuma wahalar da boris. Ka tsaya kusa da ET ɗin da kamfani ya ba rim mai wannan girma, bambancin milimita 5 ba ya kawo matsala a yawancin motoci.

Na biyar, notuna. Gindin noti iri-iri ne: akwai mai tsini kamar mazurari, akwai mai kumburi kamar rabin ƙwallo, akwai mai fale-fale da wasa a jiki. Rim ɗin asali na Honda mai rabin ƙwallo yake ɗauka, na alminiyom na Toyota mai wasa, yawancin rim ɗin kasuwa kuma mai tsini. Noti da ramin da ba nasa ba a layi ɗaya siriri suke haɗuwa, yau ka ɗaure, jibi ya saki. Tambayi mai sayar da rim wane gindi yake ɗauka, ka sayi saiti sabo. Zaren notin Fit da Corolla ɗaya ne, M12x1.5.

Baƙin ƙarfe ko alminiyom? Ni baƙin ƙarfe nake saya. Ba shi da kyan gani, gishiri zai sa shi tsatsa, amma ya fi araha, kuma idan ya daki rami lanƙwashewa yake yi maimakon tsagewa. Idan aljihu bai kai ga rim na biyu ba bana, ka zauna a kan rim ɗinka ka nemi taya da ta ɗan tsuke a inci ɗaya. Sai dai ka sani duk shekara sau biyu za ka biya kuɗin cirewa da sakawa da daidaita nauyi, cikin 'yan shekaru kuɗin rim ya fita. A wuraren kwancen motoci, irin Ƙofar Ruwa ko Fantekarsu ta nan, ana samun rim na asali da sauƙi.

Mataki na 6: Gwada kafin ka biya

Lissafi ba ya ganin birki. Ƙaramin rim na iya cin duk jarrabawar da ke sama ya zo ya daki kalifa, wato ƙarfen da ke rungume da faifan birki yana matse shi. Samfurin sama na wasu motoci birkinsa ya fi na ƙasa girma, don haka ko dabarar mataki na 3 sai an tabbatar da ita.

Je da motarka wurin mai rim. Ja birkin hannu, saka dutse ko katako a bayan tayar baya, sassauta notuna tun mota na ƙasa, sannan ka ɗaga, ka tokare. Ƙafar gaba za ka gwada, birkinta ya fi girma. Saka rim, ɗaura noti uku da hannu, juya shi a hankali kana saurare. Leƙa da tocila: tsakanin kalifa da cikin rim a samu aƙalla milimita 3 ta kowane ɓangare. Ka tuna za a manna 'yan ƙarafan daidaita nauyi a cikin rim, su ma suna cin wuri. Kada hannu ko kai ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Idan da taya a jikin rim ɗin, sauke motar ƙasa, murɗa sitiyari har ƙarshe dama, sannan hagu. Zura hannu ka shafa tsakanin taya da robar cikin madigadi, da tsakaninta da shokazoba. Ina son yatsu biyu su wuce a sake. Dalili kuwa, a ranar caɓi dusa na taruwa a wannan lungu ta daskare ta zama dutse, wanda ya yi hunturu ɗaya a nan ya san yadda ake harbin ta da ƙafa a wurin fakin. Tayar da ke wucewa da ƙyar a Oktoba, a Fabrairu gurza za ta yi. Wannan ne ya sa nake ɗari-ɗari da ƙara tsayi a ƙaramar mota.

Idan ta intanet za ka saya, babu halin gwaji, to ka sa shekarar mota da samfurinta daidai a shafin, kuma ka tabbata suna karɓar rim idan bai shiga ba. Da kaya sun iso ka gwada rim tsirara tukuna. Da zarar an ɗora masa taya, yawancinsu ba sa karɓa.

Mataki na 7: Ita kanta tayar

Nemi hoton dutse mai tsini uku da ƙwayar dusa a cikinsa, a gefen taya. Shi ne shaidar an gwada ta a dusa ta ci. Rubutun M+S shi kaɗai bai isa ba, tayoyin kowane yanayi da yawa suna ɗauke da shi, kuma robarsu na fara taurin kai da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Wannan digiri 7 shi ne kuma lokacin sakawa, ba ranar da dusa ta fara ba.

Huɗu za ka saya. Na san abin da za ka ce, motar gaba ke ja, a saka biyu a gaba. Gaba zai kama, baya ya rasa abin kamawa, a kwana ta farko ɗuwawun motar ya zagayo ya wuce ka. Kuma duk huɗun girma ɗaya, iri ɗaya.

Idan ta hannu ce, araha ba ta ado, duba abu biyu. Bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe: 3521 na nufin mako na 35 na 2021. Wadda ta haura shekara shida ba na saye, ko da zanenta na nan. Sai zurfin zane: sabuwa kan zo da milimita 8 zuwa 10, idan ya sauka ƙasa da 4 ta gama aikin hunturu. Danna robar da farce, mai kyau tana da laushi. Haska cikinta ka ga ko akwai faci kusa da gefe, in akwai ka bar ta.

Doka ta bambanta daga wuri zuwa wuri. A lardin Kwibek na Kanada saka tayar hunturu tilas ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A lardin Ontariyo ba tilas ba ne, amma tun 2016 kamfanonin inshora ke yin ragi ga wanda ya saka. A Manitoba hukumar inshorar motoci ta lardi tana ba da rance mai sauƙin ruwa don sayen tayar hunturu, ga wanda hakan ya kwanta masa. Taya mai ƙusa, wadda ta fi kowacce riƙo a kan zallar ƙanƙara, wasu wurare sun yarda da ita a watannin sanyi, wasu sun hana, Jamus na cikin masu hanawa. 'Yan'uwa na Jamus kuma ku lura, can ba a sauya girma da lissafi kawai. Sai girman da ke cikin takardun motar, ko wanda aka ba da izininsa a rubuce, in ba haka ba ranar duba lafiyar mota za a dawo da kai.

Mataki na 8: Ɗaurawa

Kafin ka cire tsofaffin, rubuta wa kowacce wurinta da alli. Goge fuskar cibiya da burushin ƙarfe, tsatsar da ke wurin na hana rim kwanciya daidai. Yawancin tayoyin hunturu suna da kibiya a gefe da ke nuna inda za su juya, biyu na dama ne biyu na hagu. Kibiyar ta kalli gaban mota idan tana sama.

Fara kowane noti da yatsu. A kan zaren M12x1.5 ya kamata ya yi juyi kamar takwas kafin ya matse. Idan ya matse a juyi huɗu ko biyar, akwai abin da bai daidaita ba, tsaya ka bincika. Kada ka shafa mai ko giris a zaren. Matse su a tsallake, wannan sannan wanda ke fuskantarsa ta ɗaya ɓangaren, ba a jere ba. Sauke mota, ka ƙarasa da sifanar awo: Fit 108 Nm (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), Corolla 103 Nm, a ma'aunin da aka saba a Kanada da Amurka kuma 80 da 76. Na motarka yana cikin littafinta. Hawa kan sifana da ƙafa kamar yadda muka saba gani a bakin titi yana miƙar da ƙusa, wata rana ta karye.

Iska kuwa bi sitika, ba lambar da ke jikin taya ba, waccan iyaka ce. A gida mai faci kan ɗura 40 ko 45 ya ce ta yi, a nan hakan rage maka riƙo zai yi. Idan girman da ka zaɓa na wani samfurin motar ne, littafi zai nuna iskarsa. Ka kuma sani iska na raguwa da kusan awo ɗaya duk lokacin da sanyi ya ƙaru da digiri 5 zuwa 6. An ɗura maka a shago mai ɗumin digiri 20, ka kwana a waje a 20 ƙasa da sifili, da safe ka rasa 6 ko 7. Auna da sassafe a waje kafin ka motsa, kuma ka maimaita duk wata.

Idan motarka na da na'urar lura da iska a cikin kowace taya, sabon rim ba shi da ita. Ko ka sayi saiti na biyu a haɗa su da kwamfutar mota, ko ka haƙura da 'yar fitilar gargaɗi har bazara kana aunawa da geji. Wasu motocin ba su da komai a cikin taya, daga juyin ƙafa suke ganewa, su sai dai ka sake saita su daga maɓalli ko allon gaba bayan ka daidaita iska.

Mataki na 9: Gwajin hanya

Kashe rediyo, sauke gilashi kaɗan. A filin fakin da ba kowa, yi da'ira a hankali sitiyari a ƙure, dama da hagu, gaba da ribas. Hau ɗan tudun rage gudu da mutum biyu a baya. Duk wani gurza ko ƙara, tsaya ka nemo inda ya fito, za ka ga wurin ya yi sheƙi.

A babban titi sa wanda ke gefenka ya buɗe taswirar waya mai nuna gudu, ku gwada da maleji a 100. Motar za ta ɗan yi maka laushi a kwana fiye da da, saboda tsawon gefen taya da laushin roba, kwana biyu za ka saba. Kakkarwar sitiyari ce ba a sabawa da ita: ko ba a daidaita nauyi da kyau ba, ko rim bai zauna tsakiya ba, ko dusa ta daskare a cikinsa.

Bayan kilomita 50 zuwa 100 ka sake bin notunan da sifanar awo, duka. Sabon rim na baƙin ƙarfe da fenti a ramukansa yakan ɗan saki. Tayoyin bazara kuma ka wanke musu ƙura, su bushe, ka jera su kwance ɗaya kan ɗaya idan suna kan rim, a wuri mai inuwa nesa da tukunyar ɗumama gida. Takardar da ka yi lissafi a kai, da girman taya da na rim da ET da irin noti, ka ninke ta ka saka cikin littafin mota.